Ƙarya Ne, Sharri Aka Yi Masa

Duk wanda ya tashi a garuruwan kudancin Katsina a farkon shekarun 2000 ya san darajar gidan kallo. Namu na Damari, a ƙasar Sabuwa, rumfar kwano ce da bencina, da talabijin guda a kan tebur, da ɗan janareto yana tari a bayan zana. Abin da mai gidan kallo ya samo a Funtuwa shi za a kalla: yau Indiya, gobe Canis, ranar da aka taki sa'a kuma kokawar Turawa, wadda yara ke ce wa resilin. Ba ma jin abin da masu sharhi ke faɗa, sunayen 'yan wasan kuma sun ƙi zama a bakinmu, sai muka raɗa musu namu. A cikinsu akwai wani gajere mai kaurin wuya, ba ya dariya, ba ya cika baki, haƙorinsa ɗaya na sama ya fita. Mai Giɓi muke ce masa. Sunansa Chris Benoit, mutumin Kanada.

Yayana ba ya haɗa shi da kowa. Hujjarsa ita ce sauran 'yan wasan surutu ya yi musu yawa, su riƙe abin magana su yi ta zuba kamar 'yan siyasa, shi kuwa wannan da ya hau dandamali sai aiki, kamar manomin da ke shiga gona da sassafe ba ya ɗaga kai sai azahar. Ranar da labari ya iso cewa Mai Giɓi ya kashe matarsa da ɗansa, sannan ya kashe kansa, muna zaune a teburin mai shayi. Yayana ya ajiye kofi, ya dubi wanda ya kawo maganar, ya ce, "Ƙarya ne. Sharri aka yi masa." Na ce, "Yaya, ai an ce 'yan sandan Amurka ne suka faɗa." Ya ce, "Kai yaro ne. Ka taɓa ganin mutumin nan ya yi fushin banza?"

Ban taɓa gani ba, shi ma bai taɓa gani ba. Abin da bai zo mana a rai ba a lokacin shi ne, duk sanin da muka yi wa mutumin bai wuce minti ashirin-ashirin a cikin akwati ba, a wasan da tun kafin a fara an riga an tsara wanda zai ci.

Ga abin da binciken hukuma ya tabbatar. Benoit yana zaune da iyalinsa a garin Fayetteville, cikin jihar Jojiya ta Amurka. Ranar Juma'a 22 ga Yunin 2007 ya kashe matarsa Nancy, mai shekara 43. Bayanta ya kashe ɗansu Daniel, ɗan shekara 7. Ranar Lahadi 24 ga wata ya kashe kansa, yana da shekara 40. A cikin waɗannan kwanaki ya yi waya da abokan aikinsa, ya ce musu matarsa da ɗansa sun ci abin da ya ɓata musu ciki, shi ya sa ba zai samu zuwa wasan ranar Asabar ba. Daren Lahadi yana da babban wasa a birnin Houston, na neman kambu tsakaninsa da CM Punk. Bai zo ba, aka sa wani a madadinsa, 'yan kallo suka yi ta kiran sunansa. Sai ranar Litinin aka shiga gidan aka tarar da gawa uku.

A daren Litinin ɗin kamfanin WWE, wanda Benoit ke wa aiki, ya soke wasan da ya shirya, ya mayar da awa uku na shirin zaman makoki. Manyan 'yan kokawa suka riƙa fitowa da jajayen idanu suna yabon halinsa. Kafin gari ya waye gaskiya ta fito. Washegari shugaban kamfanin na lokacin, Vince McMahon, ya fito ya ce ba za a sake ambatar sunan mutumin a shirin ba, kuma tun daga nan kamfanin ya daina tallata shi da ayyukansa. Wato waɗanda suka shekara ashirin suna cin abinci da shi, suna kwana otal ɗaya, su ma sun yi kuskuren da yayana ya yi a teburin mai shayi. Bambancin dai su kwana ɗaya ya ishe su gyarawa.

Masu kallo kuwa, har yau da yawansu ba su gyara ba. Shekara da shekaru ana yawo da labarin cewa wasu ne suka shiga gidan suka hallaka su duka, har ana ɗora wa tsohon mijin Nancy, alhali 'yan sanda ba su sami komai da ke nuna hannun wani daga waje ba. Wannan hali mun san shi a nan gida. So hana ganin laifi. A kama mawaƙi ko ɗan fim ko ɗan ƙwallo da abin kunya, masoyansa za su ce mahassada ne, ko asiri aka yi masa. Dalilin ba ya da wuyar ganewa: mai kallo ya zuba shekarunsa da kuɗinsa da bakin musunsa a kan mutumin, yarda da laifin tamkar yarda ce cewa an ci shi da buguzum. Ga kuma abin da ya gani da idonsa. Ranar 14 ga Maris 2004, a babban wasan shekara da ake kira WrestleMania, a birnin New York, Benoit ya ci kambun duniya bayan kusan shekara ashirin yana fafutuka. Amininsa Eddie Guerrero ya hau dandamali suka rungume juna suna kuka, sannan Nancy da Daniel suka hau, ya rungume su a gaban duniya. Mun kalli faifan nan a Damari har ya fara tsalle. Wanda ya ga wannan runguma, yaya za a yi ka gaya masa hannuwan nan ne suka yi aika-aikar bayan shekara uku?

Sai aka buɗe kan mamacin, maganar ta ɗauki wani salo.

Wani tsohon ɗan kokawa mai suna Chris Nowinski, wanda bugun kai ya tilasta wa barin sana'ar, ya roƙi mahaifin Benoit ya bari likitoci su duba ƙwaƙwalwar ɗansa. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai ɗan Nijeriya, Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambara, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya, ya yi aiki a Jos kafin ya tafi Amurka. Shi ne a 2002, a birnin Pittsburgh, ya duba ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka mai suna Mike Webster, ya ga wata lalacewa da a da ake ɗauka ta 'yan dambe ce kawai. Tun 1928 wani likita mai suna Harrison Martland ya bayyana ta a jikin tsofaffin 'yan damben Turawa masu tangaɗi da sarƙewar harshe kamar sun sha giya. Yanzu ana taƙaita sunanta da CTE. A watan Satumban 2007 Dakta Julian Bailes ya sanar da sakamako: ƙwaƙwalwar Benoit, ɗan shekara 40, ta lalace kamar ta tsoho ɗan shekara 85 mai ciwon mantuwa.

Yana da kyau a fahimci yadda abin ke faruwa, domin a nan maganar ta shafe mu. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, kusan kamar awara, kuma tana zaune ne cikin ɗan ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan aka bugi kai, ƙoƙon ya tsaya ko ya juya farat ɗaya, ita kuwa sai ta jijjiga a ciki, siraran jijiyoyinta su miƙe fiye da ƙa'ida. Bugu ɗaya kan warke in an huta. Amma idan aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, wani sinadari da ake kira tau yakan fara dunƙulewa a gefen ƙananan hanyoyin jini, ya riƙa yaɗuwa a hankali ko da mutum ya daɗe da barin wasa. Ba sai an suma ba. Ƙananan bugun da mutum ke girgiza kai ya ci gaba, su ma suna taruwa. Iyalan waɗanda aka samu da cutar sukan ba da labarin mantuwa, saurin fushi, baƙin ciki marar dalili, zargin mutane, da kasa danne zuciya. Kuma ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa, in an yanka ƙwaƙwalwar an duba.

Wani zai ce ai resilin wasan kwaikwayo ne. Haka ne, an tsara wanda zai ci. Amma ƙasa ba ta san an tsara ba, kujerar ƙarfe ma ba ta sani ba. Babban salon Benoit, wanda muke tashi tsaye a gidan kallo muna ihu idan zai yi, shi ne ya hau can saman igiya ya diro da ka a kan abokin karawarsa. Shekara 22 yana wannan, daga Kanada zuwa Japan zuwa Amurka. Yana cikin 'yan kaɗan da ke yarda a maka musu kujera a ƙeya. A 2001 wuyansa ya samu matsala har aka yi masa tiyata, ya yi kusan shekara yana jinya, ya dawo ya ci gaba da dirowa da ka. Mu kuwa tafi muke yi. Sai a 2010 kamfanin ya hana bugun kai da kujera.

Da yayana ya ji wannan labari bayan wasu shekaru, sai ya sauya waƙa. Ya bar "sharri aka yi masa", ya koma "ashe ba shi da lafiya, ba laifinsa ba ne." Na lura masoya da yawa nan suka koma, don mafaka ce mai daɗi: ka yarda ya aikata, amma ka wanke shi. A ganina wannan ma gudun gaskiya ne, sai dai ya fi na farko ilimi. Dubban 'yan wasa sun sha bugun kai. A wani bincike na Jami'ar Boston a 2017 an duba ƙwaƙwalwar tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Amurka 111 da iyalansu suka bayar, aka samu cutar a 110. Kusan dukkansu sun mutu ba su kashe kowa ba. Ciwon yana iya sassauta linzami, amma ba shi ke zaɓar wanda za a taka ba. Mutumin da ya iya ɗaukar waya ya shirya wa abokansa ƙaryar ɓacin ciki bayan ya kashe matarsa, bai rasa hankalinsa duka ba.

Akwai wasu abubuwan kuma da suka haɗu. Gwajin gawarsa ya nuna sinadarin ƙarfin maza na allura da yawansa ya ninka na ƙa'ida kusan sau goma, da ƙwayar kwantar da hankali, da ta kashe zafin ciwo. Likitan da ke rubuta masa magunguna, Phil Astin, an ɗaure shi shekara 10 a 2009 saboda rabon ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Ga mutuwar Eddie Guerrero a Nuwamban 2005, wadda makusantansa suka ce tun daga ita bai sake komawa daidai ba.

Amma abin da masoya ba sa son a taɓo shi ne na 2003. A shekarar Nancy ta je kotu ta nemi a raba auren, ta kuma nemi a hana shi kusantarta, tana cewa yana yi mata barazana, yana farfasa kayan ɗaki. Bayan wata uku ta janye ƙarar ta koma. Ba a cika shekara ba bayan nan muka gan ta a kan dandamali tana rungume da shi, muna cewa kai, ga iyali abin sha'awa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan mai ɗakin ta faɗa da bakinta, a rubuce, gaban alƙali, shekara huɗu kafin a kashe ta.

Na san akwai mai cewa, mu da ke fama da 'yan bindiga daga dajin Birnin Gwari har Faskari, mu da aka kwashe mana ɗalibai sama da ɗari uku a Ƙanƙara a Disambar 2020, ina mu ina makokin wani Bature? Gaskiya ne, kuma ba makoki nake nema ba. Abin da na lura shi ne, sharrin da ke fitowa daga daji mun san shi, muna da 'yan sintiri, muna da masu kwana ido biyu saboda shi. Wanda ke tashi daga cikin ɗaki kuwa ba shi da mai gadi. Yaron da ya ji harbi gida yake gudu. Daniel a gida yake.

Kuma mu ma muna da namu fagen. Da kaka, in an kawar da amfanin gona, kalangu kan tashi, a ɗaure hannu da zare a shiga fili. Dambe gadonmu ne, tun zamanin da Ɗan Anace ke wasa Shago, har zuwa gidajen dambe na yau irin na Ali Zuma a Dei-Dei da na filin Ado Bayero a Kano, inda ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa ke neman juna, ana saka mota da babur. Ba na cikin masu cewa a hana. Ya rufa wa mutane da yawa asiri, kuma tsofaffin 'yan damben da na sani galibinsu mutane ne masu sanyin hali fiye da waɗanda ba su taɓa shiga fili ba. Sai dai a dambe ba a tsara komai, kuma abin da ake nema shi ne kai. Ko kalmar da muke amfani da ita ta isa ishara: in mutum ya kai abokinsa ƙasa sai mu ce ya yi kisa, in an tashi ba wanda ya faɗi mu ce turmi uku babu kisa, mu koma gida muna tsaki. Sau nawa muka ga an buge yaro ya miƙe yana layi, an yayyafa masa ruwa, makaɗi ya ɗauko kirarin ubangidansa, jama'a suka yi ca, gobe ko jibi ya sake ɗaure hannu? A damben Turawa, wanda aka sumar ana hana shi shiga fili aƙalla kwana 30, sai likita ya duba shi. Ƙwaƙwalwar da ta jijjiga ba ta gama warkewa ba, bugu na biyu ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Laya da tsaga ba su canza wannan.

Ba 'yan dambe kaɗai ba. Ɗan damben Benezuwela, Edwin Valero, wanda ya yi wasa 27 ya ci dukkansu da bugun kwaf ɗaya, ya taɓa faɗuwa a babur ba hular kwano a 2001, ƙoƙon kansa ya tsage har aka yi masa tiyata. Ya haɗa da shaye-shaye, an sha kai ƙararsa kan dukan iyali, a Afrilun 2010 ya kashe matarsa, washegari ya kashe kansa a hannun 'yan sanda. Ba wanda zai ce faɗuwar babur ce ta sa shi, amma wanda ya bi hanyar Sabuwa zuwa Ɗandume ranar kasuwa ya ƙirga masu hular kwano, ya kuma tuna 'yan acaɓa nawa ya sani da aka ce tun da suka yi haɗari halinsu ya canza. Mu kan ce iska ce, a yi ta hayaƙi da rubutu, ba wanda ya tuna da kan da ya bugu da kwalta.

Sai ƙwaya. Abin da allura da maganin kashe zafi suka yi wa Benoit, shi tiramol ke yi wa matasanmu: ta ɓoye ciwon da jiki ke amfani da shi wajen cewa a tsaya. Mai noma na sha don ya ƙara kunya goma, ɗan dambe na sha don kada ya ji naushi, kuma in ta yi yawa tana jawo farfaɗiya. Binciken da gwamnatin Nijeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan. Kai mai rauni, a zuba masa ƙwaya, a ɗora masa talauci da rashin barci, sannan a tura shi ɗaki wurin mace da yara.

Wanda aka buge a ka, ko a fili ko a hanya, ya suma ko ya rikice ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya gama wasa ke nan a ranar, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. In ya fara amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga, asibiti za a nufa a daren, Funtuwa ko Shika, ba a jiran safiya. Wannan aikin sarakunan dambe ne da masu gidajen wasa, amma 'yan kallo su ne suke da bakin zuga, kuma ɗan dambe jin kunyar 'yan kallo ke tayar da shi tsaye. Wanda kuma halinsa ya sauya bayan shekarun bugu, ya zama mai mantuwa da zargi da fushin da ba a san shi da shi ba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin an haukace.

Kwanan baya na sake tayar wa yayana da maganar, yanzu da furfura ta fara fito masa, 'ya'yansa mata biyu suna gidan miji. Har yau yana iya lissafa wasannin Mai Giɓi ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda ya kayar. Na ce, "Yaya, yaya sunan matar?" Ya yi shiru. Na ce, "Yaron fa?" Ya ce ya manta. Ban ga laifinsa sosai ba, haka kallo yake: mutum ɗaya fitila ke haskawa.

Ga iyaye da waliyyai da masu unguwanni nake da roƙo. Mun saba in mace ta yi yaji a ce mata ta yi haƙuri, tsakanin miji da mata sai Allah, a haɗa ta da ƙanenta ya mayar da ita kafin magariba. Sau da yawa hakan daidai ne, zaman aure ya gaji saɓani. Amma a saurari abin da ta zo da shi. Wani bincike a Amurka ya nuna macen da mijinta ya taɓa shaƙe mata wuya, haɗarin ya kashe ta nan gaba ya ninka kusan sau bakwai. In 'yarka ta ce ya shaƙe ta, ko ya zare mata wuƙa, ko ya ce zai kashe ta ya kashe kansa, kada ka duba cewa mutumin kirki ne a majalisa, ko gari duka na alfahari da shi. Ka riƙe ta a gida ita da 'ya'yanta, ka kai maganar gaban mai gari da alƙali, shi kuma danginsa su kai shi likita. Kada ka mayar da ita a daren.